Wanda Yake Tsare A Kurkuku: Mene Ne Haƙƙinsa A Kan Iyalansa?

TAMBAYA: Mijina yana tsare a gidan gyaran hali na Gusau kusan shekara biyu, ba a yanke masa hukunci ba. Muna zaune a ƙasar Bukkuyum, hanya ba tsaro, danginsa sun daina zuwa duba shi. Shin aurenmu yana nan? Kuma me ya wajaba a kanmu?

AMSA: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Ya ke 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Irin wannan tambaya ta yawaita daga Anka da Gummi da Bukkuyum, don haka zan faɗaɗa amsar domin kowa ya amfana.

Ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, kotu ba ta tabbatar da laifinsu ba. A shekarar 2019 aka sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, amma cunkoso da jinkirin shari'a suna nan. Kuɗin abincin fursuna a rana naira 750 ne, sai a 2024 aka mayar da shi naira 1,125. Ka shiga kasuwa da wannan kuɗin ka ga ko zai ciyar da magidanci sau uku. Saboda haka garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu da maganin ƙaiƙayi da dangi suke kaiwa, da su ake rayuwa a ciki. Wanda danginsa suka yanke ƙafa, yunwa ta same shi, shari'arsa ma ta kwanta, domin babu mai bibiya.

Musulunci bai yarda a jefar da ɗaurarre a manta da shi ba. A Suratul Insan, aya ta 8, Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme. Sumamatu ɗan Usal yana ɗaure a masallacin Madina, Annabi (SAW) da kansa yake zuwa yana tambayarsa, har ya sake shi, ya musulunta. Alƙali Abu Yusuf ya yi wa Halifa Haruna Rashid nasiha a Kitabul Kharaj cewa a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi. Annabi Yusuf (AS) ya yi shekaru a kurkuku ba tare da laifi ba. To don me za ka ɗauki shiga kurkuku a matsayin hujjar yanke zumunta?

Game da aure: ɗauri ba saki ba ne, aurenki yana nan daram. Ciyarwa tana kan mijin, daga gonarsa ko dabbobinsa idan yana da su. Idan ciyarwa ta gagara, ko kika ji tsoron fitina a kanki, malamanmu na Malikiyya sun ba ki damar kai ƙara wurin alƙali, ya bincika, ya ba da wa'adi, sannan ya raba auren idan cutarwa ta tabbata. Ba ya halatta iyaye su ɗaura miki wani aure kafin haka. Idan kuma kika yi haƙuri, ladarki tana wurin Allah.

Game da ibadarsa: Juma'a ta faɗi a kansa idan ba a ba shi dama ba, sai ya sallaci Azahar. Idan ruwa ya yi ƙaranci ya yi taimama. Ku aika masa da wannan, kada ya bar salla.

Abin da ya kamata dangi su yi:

1. Ku san kotun da shari'ar take da lambar ƙarar da ranar zama. Da yawa ba su san ko ɗaya ba.

2. Ku nemi ofishin hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, wadda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976. Babban Jojin jiha kuma yana da ikon ziyartar gidan yari ya saki wanda tsarewarsa ta wuce ƙa'ida.

3. Idan hanya ta hana ku, ku wakilta amintacce mazaunin Gusau. Kada ku jefa rayukanku cikin halaka, amma kada ku mayar da rashin tsaro uzurin mantuwa.

4. Idan bashi ne ya kai shi, Suratut Tauba aya ta 60 ta sanya mabarta cikin masu cin zakka, ku kai kukanku Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Kai kuma mai bin bashi, ka tuna Baƙara aya ta 280 ta umarce ka da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Idan tara ce, masu hali su taimaka da sadaka. A ƙarshen 2023 an saki fursunoni 4,068 a faɗin ƙasar nan bayan an biya musu tara da gudummawar naira miliyan 585.

Limamai 'yan'uwana, kowane masallaci ya san mutanen unguwarsa da ke tsare. Masu iko kuma su ji tsoron Allah, domin tsare mutum shekaru babu hukunci zalunci ne da za a tambaye su a kansa.

Allah ya kuɓutar da waɗanda aka zalunta, ya shiryi masu laifi.

Wallahu a'alam.