Zaɓen Kwamin: Sunan Wa Ke Sama?

Ran 24 ga Yuli 2004, cikin damina, an zaɓi ƴan majalisa a kwamin 265 na Nijar. Kafin ranar, jam'iyyar MNSD-Nassara ta Shugaba Tandja ta jera sunayen ƴan takararta, kamar sauran jam'iyyu. Dokar 2000 ta ce a sa mata a ciki.

Jam'iyya aka jefa wa ƙuri'a. Kujerun da ta samu, ƴan jerinta aka raba wa. MNSD ce ta fi samu. Ƴan majalisa ne suka zaɓi magajin gari, mai kula da kuɗin kasuwa da haraji.

A 2024 an rushe majalisun. In zaɓe ya dawo, manomi da makiyayi su halarci taron jera sunaye. Can ake yanke magana.