Madatsun ruwanmu na jiran ƙananan jiragen iska

A ƙarshen mako, duk wanda ya bi ta bakin ruwan Legas zai iya hango wasu ƙananan jiragen ruwa marasa inji, kowanne da farin ƙyalle a ɗaure jikin sanda, iska na kora su. Mutum ɗaya ko biyu ne a ciki. Ba kamun kifi suka fita ba, ba kuma fasinja suke ɗauka ba. Shaƙatawa ce kawai: a fita da hantsi, a dawo kafin magariba. Ƙungiyar Lagos Yacht Club, wadda aka kafa a 1932, ta daɗe tana wannan harka.

Da yawanmu za su ce wasan masu kuɗi ne da Turawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma a cikin wasan akwai tarbiyyar da yankinmu ke matuƙar buƙata, wato sanin ruwa da girmama shi.

Jirgin da ba shi da inji ba ya yarda da ganganci. Dole matuƙi ya san daga ina iska take busowa, da ƙarfinta, da lokacin da za ta juya. Ba zai iya tunkarar iska kai-tsaye ba, sai dai ya karkace da kimanin digiri 45, ya yi dama, ya yi hagu, har ya kai inda ya nufa. Akwai wani allo da ake zurawa ta ƙasan jirgin domin kada iska ta riƙa tura shi gefe. Nauyin jikin matuƙin ma yana cikin lissafi, domin idan ya zauna a inda bai dace ba, jirgin zai kife.

Kifewar kuwa darasi ce da ake koyarwa da gangan. A makarantun koyon wannan tuƙi, tun farkon horo ake sa ɗalibi ya kifar da jirginsa a ruwan da ba shi da haɗari, ya riƙe shi kada ya rabu da shi, ya miƙar da shi, ya kwashe ruwan, ya sake hawa. Kuma ba wanda zai taka jirgi ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba, ko da ya fi kifi iya iyo. Yaron da ya tashi a haka, ranar da ya ga an cika kwale-kwale har ruwa na taɓa bakinsa, ba sai an ce masa kada ya shiga ba.

Ba mu manta da Ɓagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Ba muna cewa wasan jirgin iska ne maganin irin wannan musiba ba. Maganinta hana lodin wuce kima, da jirage masu lafiya, da hukuma mai sa ido. Sai dai doka ba ta tasiri a inda fasinja da kansa yake ganin rigar kariya a matsayin kayan matsorata. Wannan tunani a ƙuruciya ake gyara shi, kuma yara sun fi karɓar darasin da ya zo musu ta hanyar wasa.

Batun tsada ma bai kai yadda ake zato ba. Jirgin da aka fi koya wa yara tuƙi da shi a duniya, mai suna Optimist, wani maƙerin jirage ne, Clark Mills, ya tsara shi a 1947 a garin Clearwater na jihar Florida a Amurka. Tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, kuma tun asali an tsara shi ne domin a haɗa shi da fallayen katako masu araha. Kafintan da ke ƙera kwale-kwale a Yawuri ba zai rasa yadda zai yi da shi ba. Babu kuɗin fetur, wanda a wannan zamani ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ruwa kuwa muna da shi. Ga Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ga Challawa, ga Kainji, ga tafkin Jabi a tsakiyar Abuja. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, irin wadda mai koyo yake so, in dai hazo bai rufe ido ba. Damina ce abin tsoro, domin hadari kan taso daga gabas da guguwa cikin 'yan mintuna. Akwai kuma kututturan itatuwa da ruwa ya shanye, da cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan madatsu, wadda dole a binciki wuri a kanta kafin a bar yara su shiga.

Saboda haka kada wani ya sayo jirage ya zube a bakin ruwa don a ɗauki hoto. A fara da wuri ɗaya, a ce Tiga, da jirage goma, da kwale-kwale mai inji ɗaya da zai tsaya kan ceto, da rigar kariya daidai jikin kowane yaro. A ɗauko masunta da sarakunan ruwa na yankin a horar da su a matsayin malamai, a kuma biya su, don babu wanda ya fi su sanin inda kututture yake da yadda hadari ke haɗowa. A ware wa 'yan mata ranakunsu da malamai mata. Makarantun sakandaren da ke kewaye da madatsar su riƙa kawo ɗalibai aji-aji, daga farkon hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko.