Sauka Daban, Faɗuwa Daban

Kamaradai, akwai wata magana da ba ta ƙarewa a fadodinmu, daga bakin jami'a har cikin Kara-Kara: wai Damagaram babban gari ne, garin sarakuna, tsohon babban birnin ƙasa har 1926, don haka ƙungiyar ƙwallonta ba ta da wurin zama sai Super Ligue, ko da za a ci bashi. Wasu cikinmu sun ɗora da cewa ita ma Jami'ar André Salifou ya kamata ta haɗa tata ƙungiya, ta yi lisansi, ta kama hanyar rukunin farko. Ni ban yarda ba. A yadda gasar nan take yau, ƙungiyar Damagaram da ta nace sai rukunin farko kuɗin talakawa take ƙonawa a kan kwalta, kuma jami'ar da ta bi sahunta da kuɗin ɗalibai za ta yi wannan wasan.

Mu fara da abin da ba a musu a kai. Espoir ta Damagaram ta ci gasar ƙasa a 1984, shekara guda bayan Jangorzo ta Maraɗi. Tun daga nan kofin bai sake kwana a wajen Yamai ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Ku duba sunayen da suka yi ta ɗauka a ƴan shekarun nan: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta masu gadin ƙasa, AS Douanes ta ƴan duwan, US GN ta jandarmomi, AS Police, Nigelec ta kamfanin wuta, AS Sonidep da ta ɗauka a 2018 da 2019. Kowacce akwai ma'aikata a bayanta, akwai kasafi, akwai mota, akwai mai sa hannu a takarda kuɗi su fito. Mu kuwa me ke bayanmu? Alhaji guda da ya ji daɗin kasuwa bana, da ɗan abin da hukuma ta yafito, da kwanon bara da ake zagayawa da shi idan tafiya ta matso.

Abin da ya fi cin rai ma, matatar mai ta SORAZ a jaharmu take, kan hanyar Tanut, tana aiki tun 2011. Man daga nan yake tashi, amma ƙungiyar da ke ɗauke da sunan kamfanin dillancinsa a Yamai take zaune.

Sai tafiya. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Maraɗi da Ƙonni da Doso. Zuwa da dawowa 1,800. Ku je tasha ku tambayi kuɗin tikiti guda, ku ninka da ƴan wasa da masu jiran canji da mai horo da mai kula da kaya, a ce mutum ashirin da biyar, sannan ku ɗora masauki da abinci na kwana biyu ko uku. Wannan wasa ɗaya ke nan. Ƙungiyoyin Yamai kuwa mafi yawan wasanninsu a cikin gari suke yi. Ɗan wasa ya kwana gidansu, ya hau babur ya je fili. Namu yaron ya yini ya kwana a zaune cikin kar, ƙafa ta kumbura, gobe a ce ya tsere wa wanda ya yi barcinsa a katifa. In an ci shi biyu da nema mu zauna a fada muna cewa ba shi da kishin gari. Haba! Ranar da jadawali ya ce Arlit kuma, sai an ratsa Tanut da Agadas tukuna.

To a ce an jure duk wannan don ƴan kallo. Ina ƴan kallon? Kowa a nan ya san amsar. Ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallo na Sabon Gari da Garin Malam ba masaka tsinke, yaro ya biya kuɗinsa ba ciniki, in wuta ta ɗauke a tada janareta. Ranar da ƙungiyar gari ke karɓar baƙi daga Yamai kuwa, kana iya miƙe ƙafa a bencin fili ka yi gyangyaɗi. Masu zargi na cewa samari sun lalace da ƙwallon Turai. Wannan bayanin malalata ne. Samarin nan dai su ne ke cika fili maƙil lokacin TGV, gasar babban hutu, in unguwa ta haɗu da unguwa, a filin da ba ciyawa, ba inuwa, layinsa ma da toka aka ja. Me ya kai su? Mai tsaron gida ɗan maƙwabcinsu ne, mai lamba tara tare suka yi makarantar allo, kuma in aka sha kashi za a yi mako ana yi musu tsiya a bakin kasuwa. Ba wanda zai yi mako yana jin zafin cin da ƴan duwan suka yi mishi.

Kokawa ta riga ta nuna mana wannan. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kowace jaha da ƴan kokawarta take zuwa, mutum goma-goma, kuma kafin a kai can sai an tace su tun daga ƙauyuka da gundumomi. Shi ya sa filin Langa-Langa ke cika. Tsani ne da aka kafa daga ƙasa, kowane mataki da masu kallonsa. Ƙwallonmu kuwa mun rataya matakin sama a iska muna tsalle.

A matsayina na ɗalibin harshe, bari in ɗan tsaya kan kalmomin da ke tsorata mu. A rediyo, in ana labarin wasanni, ƙungiyar da ta koma rukuni na biyu cewa ake ta faɗa cikin gajiyayyu, na ƙasan teburi kuma ƴan dagaji. Wa zai so a kira garinsu gajiyayye? Amma Hausa ta raba faɗuwa da sauka. Wanda ya faɗo daga bishiya bai shirya ba, da karaya yake tashi. Wanda ya sauko shi ya zaɓi reshen da zai taka. Ƙungiyar da ta ƙare kaka da bashin masauki da albashin wata huɗu a wuya, ƴan wasanta suka watse, ta faɗi ko da sunanta na nan a jerin rukunin farko.

Kuma ba mu kaɗai wannan lissafi ya taɓa kamawa ba. A Amurka, inda wasannin jami'o'i ke juya kuɗin da ba mu iya ƙirgawa, Jami'ar Idaho ta yi shekaru a babban rukunin ƙwallonsu na hannu, tana ɗibar ƴan wasa a jirgi zuwa jihohin kudu masu nisa, tana shan kashi. A 2018 ta koma rukunin da ke ƙasa, cikin maƙwabtanta irin su Montana, kuma a 2022 da 2023 ta kai wasannin neman kofi na wannan rukuni. Jami'ar Hartford ta yanke shawarar barin rukunin farko zuwa na uku a 2021, a shekarar da ƙungiyar kwandonta ta maza ta fara shiga babbar gasar ƙasa. An yi ihu, an yi zanga-zanga, hukumar jami'ar ta ce kuɗin ba ya fita. In masu dala sun zauna sun yi lissafi, mu masu sefa me muke taƙama da shi?

Hujja ɗaya ce ta masu son rukunin farko da nake ɗauka da nauyi: wai in ba a can ba, wa zai ga yaranmu har a kira su Mena? Gaskiya ne idon masu zaɓe a Yamai yake. Sai dai ku faɗa mini, yaron da ya yi fice a nan kaka guda, ina yake kwana kaka ta gaba? Ƙungiyar da ke iya biyan albashi kowane wata ta ɗauke shi. Ke nan da kuɗin tafiyarmu muke kai musu hajar har ƙofar gida su zaɓa. Mai neman ɗan wasa na gaske zai zo inda ake wasa mai zafi, ko a Mirriya ne.

Abin da nake so a yi a fili yake. Kuɗin tafiya biyu zuwa Yamai a zuba su a gasar jaha mai jadawali tsayayye: Birni, Zango, Kara-Kara, Garin Malam, Mirriya da ba ta kai kilomita 20 ba, Matamai, Magariya. A je da safe a dawo da yamma. Jami'a ta shiga nan da ƙungiyarta, ta buɗe filinta ga unguwanni, ta bar mafarkin Super Ligue. Ɗalibin da bursinsa ke latti, yake layin abinci da tikiti a hannu, bai kamata a ce da shi ya yi haƙuri an kai ƴan ƙwallo Yamai ba.

Kara-Kara ce ma ta fi ba ni haushi a wannan zance. Unguwa ce da aka ware tun farko don masu fama da kuturta, har yau sunanta kawai ake ji a ɗaure fuska. Aicha Macky ta nuna wa duniya ita a fim ɗinta na 2021 mai suna Zinder: samarin palais, masu fasa dutse, masu ɗauko mai daga iyaka. Duk wanda ya ratsa unguwar ya ga majiya ƙarfi na ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota, ba mai horo, ba likita, ba gasa. Ga jiki, ga lokaci, ga yunwar a san da su. Raga biyu da ƙwallaye goma da alƙalin wasa da za a biya duk Asabar ba su kai kuɗin man kar ɗaya zuwa Yamai ba. Wanda ke riƙe da asusun wasanni, a gari ko a jami'a, ya fito da takardar abin da aka kashe a tafiye-tafiyen bara, ya manna ta a allo, mu karanta mu kwatanta.