Bawul ɗin zuciya na naman dabba: a faɗa wa majinyaci iyakar ƙarkonsa

Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma kowane bugu sai bawul ya buɗe ya rufe. Idan ya lalace, likitoci kan sauya shi da na ƙarfe, ko wanda aka ɗinka da tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya, ko kuma na alade. Tun ƙarshen shekarun 1960 likitan Faransa Alain Carpentier ya ɓullo da jiƙa naman a sinadarin glutaraldehyde domin ya yi ƙwari. Duk da haka nama nama ne. Zarurrukan cikinsa sun fi jure ja ta wata fuska fiye da wata, lanƙwasawar yau da gobe na gajiyar da shi, kalsiyam ya taru ya sandarar da shi, wani lokaci ya yage. Yakan yi shekara 10 zuwa 20, amma a jikin matasa ya fi saurin lalacewa, ga shi kuwa a Afirka matasa ne ciwon bawul mai biyo bayan ciwon maƙogwaro ya fi kamawa.

Wasu za su ce ai sai a sa na ƙarfe a huta. Ba nan gizo ke saƙar ba. Na ƙarfe yana buƙatar shan warfarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwa, tare da gwajin jini a kai a kai, kuma maganin na iya cutar da ɗan tayi. Ga matar da ke son haihuwa, ko mazaunin ƙauyen da ba ɗakin gwaji, na naman yakan fi dacewa. Abin da bai kamata ba shi ne a sa wa ɗan shekara 20 shi ba tare da an gaya masa cewa wata tiyatar na jiransa ba. Likitoci, ku fayyace wannan tun kafin a shiga ɗakin tiyata.