Wasiƙa mai jimla biyar da aka ambata sau 608

Duk shekara idan jerin masana kashi 2 cikin 100 da aka fi ambaton ayyukansu a duniya ya fito, wanda John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ke haɗawa daga rumbun Scopus, sai jami'o'inmu su ɗauki guɗa. A buga hoton malami, a jera adadin maƙalunsa, da sau nawa aka ambace su, da matakin da ya kai a ma'aunin h, wato lissafin nan da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, inda mai lamba 20 ke da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ba ni da ja da murnar. Wanda ya yi bincike a inda ake sayen man janareta da albashi ya cancanci a yi masa barka. Damuwata ita ce lambar ta fara zama alƙali a zauren ƙarin girma da rabon kuɗin bincike, har a fannin da kuskure ke kai mutum kushewa, wato sa ido kan illar magunguna da nazarin yaɗuwar cututtuka. Adadin ambato yana faɗa mana sau nawa aka maimaita sunan takarda. Ko an karanta ta, ko abin da aka jingina mata yana cikinta, wannan lambar ba ta san shi ba.

A ranar 10 ga Janairun 1980 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wata wasiƙa ga edita daga Jane Porter da Dokta Hershel Jick, na shirin sa ido kan magunguna da ke Jami'ar Boston a Amurka. Jimla biyar ce kacal. Sun ce sun duba bayanan marasa lafiya 39,946 da aka kwantar a asibiti, cikinsu 11,882 an ba su maganin kashe zafi dangin ofiyam aƙalla sau ɗaya, kuma mutum huɗu ne kaɗai, cikin waɗanda ba su da tarihin shaye-shaye, aka tabbatar sun kamu da jarabar maganin. Babu ƙarya a cikin wannan. Amma mutanen nan suna kwance ne a gadon asibiti, nas ce ke auna musu magani ta ba su a kan lokaci, kuma wasiƙar ba ta bi sawunsu gida bayan sallama ba. Ba ta ce komai ba a kan mai ciwon baya da za a ba kwalbar ƙwayoyi ya tafi da ita gida ya sha na wata shida. Jick kansa masani ne na gaske da ya shafe shekaru yana tattara bayanan illar magunguna, kuma da aka tambaye shi a 2017 ya nuna takaicinsa ƙwarai kan yadda kamfanonin magani suka fake da wasiƙar.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata kowane kwamitin ƙarin girma ya sani. A 2017 wasu masu bincike a Kanada, ƙarƙashin David Juurlink na Toronto, suka zauna suka bi duk maƙalun da suka ambaci wasiƙar, suka samu 608. Kashi 72 cikin 100 sun kafa hujja da ita cewa jaraba ba kasafai take kama wanda likita ya rubuta wa waɗannan magunguna ba, kuma kashi 81 cikin 100 ba su ko faɗi cewa mutanen da ake magana a kansu kwantattu ne a asibiti ba. Ambaton ya yi tashin gwauron zabo bayan 1995, shekarar da OxyContin na kamfanin Purdue Pharma ya samu izinin shiga kasuwa. Da tafiya ta yi nisa sai jimla biyar suka riƙa a bakin mutane suka zama gagarumin bincike, har mujallar Time ta kira ta haka a 2001. Sai a 2010 aka sa tsofaffin fitowar mujallar New England Journal of Medicine a intanet, saboda haka kafin nan duk mai son ganin wasiƙar da idonsa sai ya shiga ɗakin karatu ya zaro kundin 1980, kuma ga alama kaɗan ne suka yi wannan wahalar. A 2007 Purdue ya amsa laifin yaudarar jama'a game da haɗarin jarabar maganinsa, aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600. Tsakanin 1999 da 2015 mutum fiye da 183,000 suka mutu a Amurka sanadiyyar irin waɗannan magunguna na rubutun likita. Ba wasiƙar ce ta kashe su ba, amma ita ce takardar da aka riƙa ɗaga wa likitocin da suka nuna ɗari-ɗari.

Malaman hadisi sun daɗe da gane wannan tarkon. Ba sa ƙirga yawan masu faɗin magana sai sun bi isnadi sun ga ina ta samo asali, domin mutum ɗari shida da duk suka ji daga bakin mutum ɗaya, ruwaya ɗaya ce. Har littattafai suka rubuta a kan hadisan da suka shahara a harsunan mutane, kamar Maƙasidul Hasana na Imam Sakhawi, don su raba shahara da inganci. Na'urar da ke ƙirga ambato ba ta bin isnadi. A wurinta wanda ya ambaci takarda don ya ƙaryata ta, da wanda ya kwafo sunanta daga jerin manazartar wani ba tare da ya taɓa ganin ta ba, da wanda ya karanta ya gina a kanta, duk maki ɗaya suka bayar.

Wani zai ce ai wannan tsautsayi ne guda, kuma kimiyya tana gyara kanta. Tana gyarawa, amma a dubi tsawon lokacin: shekara 37 aka yi kafin mujallar ta liƙa gargaɗi a saman wasiƙar. Gyaran ma ba ya tsayar da ƙirga. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da galahanga, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma har yau ana ambatonta. A watan Mayun 2020 Lancet ɗin ta buga binciken da ya ce an duba masu korona kusan 96,000 a asibitoci 671, an ga hydroxychloroquine na ƙara haɗarin mutuwa. Cikin kwana uku Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin. Kafin sati biyu ya cika aka janye maƙalar, domin kamfanin Surgisphere da ya ba da alƙaluman ya ƙi bari a bincika su. Da mujallar Science ta duba maƙalu 200 da suka ambaci wannan aikin da wani ɗan'uwansa mai alƙaluman Surgisphere da aka janye rana ɗaya, ta tarar fiye da rabi sun kafa hujja da su kamar ba abin da ya faru.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu kare lamba ita ce ta sanayya, kuma ba na raina ta. Duk wanda ya san jami'o'inmu ya san abin da ƙaramin malami ke tsoro: shugaban sashen da ba sa ga maciji, ko mai tantancewa daga waje da zai ajiye takardunsa a durowa shekara biyu. Lamba ba ta san ɗan wane ba, ba ta san ƙabila ba, shi ya sa wanda ba shi da uwa a gindin murhu yake ganin ita ce gatansa. Sai dai lambar ma ana yi mata maguɗi, kuma ya fi sauƙi. A 2010 Cyril Labbé, masanin kwamfuta a Grenoble ta Faransa, ya ƙirƙiri wani masani na bogi mai suna Ike Antkare, ya sa kwamfuta ta zuba masa maƙalu kusan ɗari na shirme masu ambaton juna, sai ga shi a Google Scholar da ma'aunin h na 94, ya wuce Einstein. Abin da Labbé ya yi don tona asiri, wasu na yin sa don cin riba: ka ambace ni in ambace ka, a sa sunan mutum goma a aikin mutum biyu, a yanka bincike ɗaya gida huɗu. Maganin sanayya shi ne a buɗe tantancewar, a ce malami ya zaɓi ayyukansa biyar mafi nauyi, masu tantancewa su karanta su rubuta dalilinsu, shi kuma ya samu damar ganin dalilin ya ɗaukaka ƙara. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan auna bincike, wadda dubban cibiyoyi da masana suka sa wa hannu, kusan wannan take nema: a auna aikin da abin da ke cikinsa.

Akwai kuma masu cewa aiki mai kyau ai shi ake ambato, su kawo misalin Richard Doll da Bradford Hill da suka danganta taba da sankarar huhu a 1950. Haka ne, sau da yawa nagarta da shahara kan haɗu. Amma ambato yana bin yawan masu rubutu a fanni, yawan masu rubutu kuma yana bin kuɗi. Wanda ya sa sunansa cikin marubuta ɗaruruwa na babban rahoton ƙididdigar cututtukan duniya zai tara ambato dubbai cikin shekara biyu. Wanda ya zauna a Kaltungo yana bin yadda jikin manomi ke karɓar maganin dafin kububuwa, ko yake bin yaran Sahel da ake ba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk damina tun shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, masu rubutu a fanninsa ba su cika ɗaki ɗaya ba. Idan lamba ce za ta raba gardama, mun gaya wa matashin malami ke nan ya bar matsalar garinsu ya bi ta Landan.

A fannin illar magani, tasirin bincike yana bayyana ne a wurin da rumbun ambato ba ya leƙawa. A 1990 yara 47 suka mutu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan shan ruwan parasitamol da aka haɗa da gubar diethylene glycol mai kashe ƙoda, likitocin asibitin suka rubuta abin da suka gani aka buga a 1992. A 2008 gubar nan dai ta dawo cikin My Pikin, maganin fitar haƙori, ta kashe yara 84. A 2022 ta kashe kimanin 70 a Gambiya ta cikin maganin tari. Ko sau nawa aka ambaci rahoton Jos, tambayar da ta shafi uwar yaro ita ce ko ya sa an tilasta gwada sinadarin haɗa ruwan magani kafin ya shiga kwalba. Haka zancen tiramadol da kodin, da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan danginsu ba bisa umarnin likita ba. Likitan da ya cike takardar rahoton illar magani ta NAFDAC sau hamsin, ko mai harhaɗa maganin da bayaninsa ya sa aka janye gurɓataccen kaya daga kasuwa, ba shi da maki ko ɗaya a ma'aunin h. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da TETFund da majalisun jami'o'i suna da ikon buɗe wa irin wannan aikin gurbi a takardar ƙarin girma, tare da sharaɗin cewa duk mai tantancewar da ya sa hannu ya rubuta, shafi da shafi, abin da ya karanta.