Ciwon Asma Ba Dalilin Kora Ba Ne

Da zarar hunturu ya kama a Jos, sanyi da ƙura kan tayar wa masu asma da ciwonsu. Waɗanda suka fi jin jiki su ne 'yan'uwanmu masu yankan katako a Kasuwar Katako, da masu injin niƙa, da masu fentin mota. Da yawansu kan ɓoye ciwon don gudun kada maigida ya sallame su.

Muna tunatar da jama'a cewa Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinsa, muddin ya kawo takardar likita. Dokar biyan diyya ta 2010 kuwa ta shafi cutar da aiki ya jawo wa mutum.

Saboda haka mai asma ya je asibiti, ya karɓi takarda, kada ya rabu da maganin shaƙarsa. Iyayen gida kuma galibi daga cikinmu suke. Mu sauya wa yaro wuri nesa da ƙura, kada mu raba shi da abincinsa. Asma ba ta yaɗuwa, kuma ba lalaci ba ce. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.