Koya Wa Yara Ƙwallo Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Duk shekara idan dogon hutu ya zo a watan Agusta, yaranmu na Dandin Mahe da ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari sukan tafi gona da safe, da yamma kuma ba su da abin yi. Wasu iyaye suna ganin tara su a fili domin koya masu ƙwallo wasa ne kawai. Mu da muka taɓa riƙe usur a gaban yara 'yan shekara 6 zuwa 12 ba mu yarda da haka ba.

Akwai daɗi a wannan aiki wanda ba a samunsa wajen manya. Yaron da jiya yake jin kunyar buɗe baki, yau shi ne ke kiran ɗan'uwansa ya ba shi ƙwallo. Wanda ya saba kuka idan an ci su, cikin sati biyu sai ka ga ya miƙa wa abokin karawarsa hannu. A fili ɗaya ɗan Kirista da ɗan Musulmi suke sa riga iri ɗaya, kuma ba wanda yake tambayar sunan wanda ya ba shi ƙwallo kafin ya buga. A wurin da ba mu da yawa kamar nan, wannan zumunci ba ƙaramin abu ba ne.

Kada mu raina abin da ƙaramin fili zai iya haifarwa. A 1985 yaran Nijeriya suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, suka sake ɗaukar kofin matasa a 1993, 2007, 2013 da 2015. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, ya buga wa Kano Pillars, ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016 a Burazil, ya kuma je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. Amma ba domin kowa ya zama Shehu muke kira ba. Yawancinsu manoma da malamai da 'yan kasuwa za su zama, kuma dukansu suna bukatar haƙuri, da biyayya, da iya aiki tare.

Daɗin yana gudu ne idan mai koyarwa ya sa cin kofi a gaba. Daga nan ake fara rage wa yaro shekaru, a koya masa ƙarya tun yana ƙarami, a kuma bar marasa ƙarfi a gefe suna kallo. Shawararmu ita ce a raba ƙananan biyar-biyar, a ba su ƙwallo mai lamba 3 ko 4, kowa ya buga, har da 'yan mata a nasu rukuni. A tanadi ruwan sha, manya biyu su tsaya tare da su, a sallame su kafin magariba.

Dattawa, abin da ake nema bai wuce ƙwallo biyu da usur da izininku ba. Matasa su ba da yammacinsu, iyaye su zo kallo ko sau ɗaya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana su, amin.